Ni Ke Karantawa, Auta Ke Addu'a

Laraba, 4 ga Yuni

Yau ma Auta ne ya ja addu'ar yamma a coci. Ƙanena, mai facin taya, wanda ko sunansa aka rubuta a bango sai ya tambaya na wane ne. Jiya ni na zauna na yi ta karanta masa surar, yana kwance yana sosa ciki, har ya haddace. Yau ya miƙe da Littafi Mai Tsarkin marigayi Baba, ya buɗe shi a inda ba nan ba, ya zubo ayoyin tas. Yana rufe ido ya fara addu'a tsofaffin matan nan suka hau share hawaye. Ni kuwa ina bencin baya, bencin da na ƙera da hannuna.

Lahadi, 8 ga Yuni

Layi suka yi masa a bakin ƙofa. "Auta, ka sa ni a addu'a." "Auta, jikata ba lafiya." Matar fasto ta ce da Mama, "Allah ya ba ki ɗa." Ɗa, ba 'ya'ya ba. Ina tsaye a wurin, kuma ba ƙaramin mutum ba ne ni.

Wa ya koya mini karatu? Ba kowa. Da jaridun da ake ƙunsa ƙusa a shago na fara, harafi harafi, ana yi mini dariya. Na gama littafin nan daga bango zuwa bango. Shi ko sura ɗaya ba zai iya nemowa ba, amma in ya ce "Uba" sai ka rantse wani na zaune a gabansa yana ji. Abin da ke ci mini rai ke nan. Me Allah ya gani a wurin Auta?

Talata, 10 ga Yuni

Auta ya kawo littafin, na ce maƙogwarona na ciwo. Gobe mu ga tsiya.

Laraba, 11 ga Yuni

Ban ga komai ba. Ya tashi hannu wofi ya ce, "Jama'a, ni ban iya karatu ba, Yayana ke karanta mini, jiya kuma ba ya jin daɗi. Mu roƙa masa lafiya." Coci guda ta duƙufa a kan maƙogwaron da lafiyarsa ƙalau. Wata tsohuwa har ta ba ni zuma. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Asabar, 14 ga Yuni

Wani direba ya sa masa karatun a waya. Yanzu wani ƙato mai murya kamar ganga ke karanta masa, yana faci yana saurare. Ko aikin ma an raba ni da shi.

Litinin, 16 ga Yuni

Bakina ya ja mini. Wani mai kuɗi ya ce ƙofar da na yi masa a karkace take, na ce a fara auna idonsa. Oga ya kira ni bayan katako, ya ce ya gaji da ni, zai yi tunani zuwa ƙarshen wata ko in zauna ko in tafi. In na rasa shagon nan ban san inda zan nufa ba.

Da na dawo na iske Auta yana wanke baƙin mai a hannu. Na ce, "Kai na hannun daman Allah, ka faɗa wa Abokin naka maganar aikina."

Ya ce, "Yaya, kullum ni kake aika. Ya san hanyar shagonku fa."

Na ce ai shi ake ji.

"Ka taɓa yi masa magana ya ƙi ji? Bakin nan naka da ba ya hutawa, shi kaɗai kake yi wa rowa."

Na juya wurin Mama, don ita ke dafa kaina ta yi mini addu'a kowace safiya kafin in fita. Ko ɗagowa ba ta yi daga ɗinkinta ba. Wai, "Zan yi, ban taɓa fasawa ba. Amma tun kana goye nake kai ka gabansa, yanzu ka yi mini nauyi. Ga ƙafafunka nan."

Sun haɗa baki ne. Ban ci abincinsu ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na duba baya, na rasa ranar da na taɓa yin addu'a da kaina. Ana cewa amin ina cewa amin. Shi ke nan fa. A gidan nan an raba aiki: ni karatu, su addu'a, kuma ni na raba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Da rana kowa ya fita cin abinci, na zauna kan buhun dusar katako. Ba addu'a na yi ba, kada ma in ruɗi kaina. Faɗa na yi. Na ce wa Allah yana nuna bambanci, na ce ni na sha wuyar haruffa ya ɗauki daɗin ya ba Auta. Na faɗi maganar Oga, na faɗi ta maƙogwaro ma, tunda ya riga ya sani. Idona a buɗe, ba "ya Ubangiji Mai Iko" ko ɗaya. Rufi bai faɗo mini ba. Ban ji wata murya ba. Sai dai na daɗe ban tashi ba, kuma ba na jin ni kaɗai ne a shagon.

Ƙofar mutumin nan na sake aunawa. Ta ɗan karkace. Kaɗan.

Talata, 24 ga Yuni

Oga bai ce komai ba tukuna. Auta ya kawo littafin, wai na wayar nan ba ya tsayawa a tambaye shi, kuma ba ya zagi, shi ya sa abin ba ya zama. Na karanta masa. Da muka gama ya sunkuyar da kai zai fara kamar kullum, na ce ya dakata, nawa roƙon na riga na kai da rana.

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. Na ce in ya faɗa wa matan cocin nan sai na fasa masa baki.

Har yanzu ya fi ni iyawa, kuma har yanzu abin na yi mini ciwo. Gobe da rana zan faɗa wa Abokin nasa wannan ma.