Saƙon Juma'a na Ya Fanna

Litinin, 4 ga Maris, 2019

Kamfanin da ke riƙe mana sabar, kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu, sun ce ƙarshen wata za su daina ɗaukar tsohuwar sigar manhajar Django da shafin 'yan kifi ke kai. Ko in ɗaga shi ko ya mutu. Shafin nan shi ke tura wa 'yan kasuwar Baga Road farashin banda ta waya. Ni da abokina Ajimi muka gina shi, amma ɓangaren tura saƙo nasa ne, kuma tun da ya tafi Baga farkon 2015 aka kai harin nan bai dawo ba, ban taɓa leƙa wurin ba. Allah ya bayyana shi. Na ce abin da ke aiki a bar shi. To yanzu dole ta sa.

Laraba, 6 ga Maris

Daga siga 1.7 zuwa 1.8. Ba a tsallake, sai an bi tsani ɗaya bayan ɗaya. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, zafi kamar a gasa mutum. Na zagi kwamfuta, ta yi shiru abinta.

Asabar, 9 ga Maris

Na je Gwange gaida Ya Fanna, mahaifiyar Ajimi. Rahmat matarsa ce ta kawo min ruwa. Ta rame. Yayanta ya je wurin alƙali, tunda shekara huɗu ta cika, a raba auren ta yi takaba ta san inda ta dosa. Ya Fanna ta ce atafau. "Mikail, ɗana yana raye. Na sani." Na ce ta yaya, Ya? Ta gyara ƙullin bakin lafayarta, inda take ɗaure ƙaramar wayarta, ta ce in ci abinci. Rahmat ba za ta iya tsallake maganar surukarta ba, kuma ba wanda ya tambaye ta me take so.

Talata, 12 ga Maris

Na kai 1.11. Duk fayil ɗin saiti sai da na sake shi. Ajimi da rubutun kod kamar ɗakinsa, komai a warwatse, amma ya san inda kowane abu yake. A wani wuri ya rubuta "kar ka taɓa nan Mikail, na san halinka." Na yi dariya ni kaɗai, sai dariyar ta juye.

Alhamis, 14 ga Maris

Inna lillahi.

Hanyar tura saƙo ba ta aiki da sabuwar siga, sai na buɗe saitinta don in sauya. Akwai layin gwaji: kowace Juma'a da hantsi sabar ta tura saƙo ɗaya don a tabbatar layin na tafiya. Mu masu wannan aikin duka haka muke yi, mutum ya sa lambar wani na gida, ya cire daga baya. Shi lambar Ya Fanna ya sa. Sunan mai aikowa, AJIMI. Saƙon kuma: "Ya, lafiya nake." Satin da zai tafi ya saka shi, bai dawo ya cire ba.

Ashe abin da take ɗaurewa a bakin lafaya ke nan. Kuma ba za ta nuna wa kowa ba, don a garin nan wanda ya ɓace yana aiko saƙo, an san me za a ce da shi, an san kuma su wa za su ƙwanƙwasa ƙofa.

Juma'a, 15 ga Maris

Ina kallo saƙon ya fita daga tsohuwar sabar. Ban hana ba.

Litinin, 18 ga Maris

Layi biyu ne kawai in mayar da shi cikin sabon saitin, ya ci gaba har ranar da Allah ya ɗauke ta. Wallahi na rubuta su, na goge, na sake rubutawa. Wa ya aike ni in kashe wa tsohuwa ɗa? Amma kowace Juma'a da na bari, Rahmat ce ke biya da ƙuruciyarta.

Sigar 2 ma ta ƙi tashi sai na faɗa mata, a kowace alaƙa tsakanin bayanai, me za a yi da abu idan wanda yake jingine da shi ya ɓace. A goge shi, ko a bar shi ba kowa. Na rufe kwamfutar na fita shan shayi.

Alhamis, 21 ga Maris

Shafin ya tashi a kan sabuwar siga, farashi na tafiya. Layin gwajin ban mayar ba, na tsohuwar sabar ma na kashe shi. Amma ba zan bari Ya Fanna ta wayi gari da shiru ba, wannan aikin matsorata ne.

Na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa na faɗa mata, da Hausa da Kanuri, duk wanda ya zo bakina. Na ce na'ura ce, Ya, shi ya saita ta kafin ya tafi. Ta kwance wayar ta miƙo min, ba ta taɓa goge saƙo ko ɗaya ba sai da wurin ya cika. "Amma shi ya rubuta?" Na ce shi ne, da hannunsa. "Da ni ya tuna ke nan." Na ce eh. Ta ce in tashi in tafi. Ba ta ce in ci abinci ba.

Na ji kamar ni na harbe shi. Na yi kuka a cikin Keke, direba ya yi kamar bai gani ba.

Juma'a, 22 ga Maris

Hantsi ya yi, ya wuce. Ba abin da ya fita.

Lahadi, 31 ga Maris

Rahmat ta kira. Ya Fanna da kanta ta aika a kira yayan Rahmat ɗin, ta ce a je wurin alƙali. An yi sadaka jiya, an yi masa addu'a. Ni ba a gayyace ni ba, amma an aiko min da ƙosai a leda, wai in ji Ya. Ban san ko yafiya ba ce. Na ci dai.

Yau aka kashe tsohuwar sabar. Wurin da ya ce kar in taɓa na bar shi yadda yake, ko da yake ba abin da ke amfani da shi yanzu. A layin gwaji na sa lambata. A saman fayil ɗin akwai sunayen waɗanda suka rubuta shi, nawa da nasa. Na ƙara kalma uku bayan nasa, sai da na gama na lura da abin da na rubuta.

Ajimi, Allah ya jiƙansa.

Gobe akwai gyaran janareta.