Sunan da Ke Bangon Zauren Ƙungiya

Bessemer, Alabama
9 ga Maris, 1998

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da Loretta da 'yarku Denise. Ni dai lafiyar jiki ina da ita, na gode wa Allah.

Na san Fasto ya riga ya kira ka, amma ya kamata ka ji daga wurin yayarka yadda abin ya kasance. Baba ya rasu jiya Lahadi da safe a kujerarsa ta falo, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Na fito ne in gaya masa za mu makara coci. Likita ya ce bai sha wahala ba. An sa jana'iza ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga wata.

An ba ni aikin rubuta tarihinsa a takardar da za a raba a coci, shafi ɗaya kawai. Ta yaya zan sa Odell Hargrove a shafi ɗaya? Na rubuta cewa ya tuƙa motar kaya a Faransa lokacin yaƙi. Ban rubuta cewa ranar da ya dawo, da kakin soja a jikinsa, direban bas ya tura shi kujerar baya ba. Na rubuta shekarunsa arba'in a masana'antar narka ƙarfe, da shekaru ashirin da biyu yana shugabancin ƙungiyar ma'aikata. Babu wurin da zan faɗi yadda ya yi shekara shida yana fama kafin a cire allon da ya raba famfon shan ruwa na farare da na baƙaƙe, ko yadda yake jera takalmanmu a baranda kowace Asabar yana goge su, yana rera waƙar coci da muryar nan da Mama take cewa tana korar kaji.

Ga dalilin wasiƙata. Mutum shida ne za su ɗauki akwatinsa, kuma bisa al'ada 'yan ƙungiya ne ke ɗaukar shugabansu. Ina so kai ne na shida. Na san abin da za ka ce. Takardar nan tana nan a bangon zauren ƙungiya, mai sunayen waɗanda suka koma aiki lokacin yajin aikin 1979, sunanka ne na huɗu, kuma Baba ne ya karanta shi da bakinsa a gaban taro. Har yau babu ɗan ƙungiyar da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda sunansa ke wurin. An haifi Denise bakwaini tana kwance a asibiti, kamfani kuma ya yanke muku kuɗin magani. Wannan kowa ya sani, amma takardar ba ta faɗa ba.

Ban san yadda zan yi ba tukuna. Ina roƙonka kada ka yanke shawara kafin ka sake ji daga gare ni.

Taka yaya,
Vernetta

*

13 ga Maris, 1998

Wendell ƙanena,

Ina sake gaishe ka, da fatan Ubangiji yana ƙarfafa zuciyarka. Yaya ƙafar Loretta? Fasto ya ce min tana fama da ita.

Jiya na je wurin Mista Cleophus Tate. Za ka tuna shi, shi ne mai tsayawa gefen Baba a bakin tanderu, har yanzu kuma yana aiki. Na same shi yana gyaran injin yankan ciyawa. Na gaya masa buƙatata a tsaye, don na ƙi zama.

Ya ce, "Netta, zauna mana. Kin tsaya a kaina kamar mai karɓar baikon kuɗi a coci."

Na zauna. Na ce na san Baba bai taɓa yafe maka ba, amma ni nake roƙo.

Ya ajiye sifana ya dube ni. "Wa ya gaya miki haka? Ubanki ba shi da ikon cire sunan nan. Sai wani ya tashi a taro ya kawo ƙuduri, wani ya goyi baya, a ɗaga hannu. Shugaba kuwa ba ya kawo ƙuduri, dokar da shi kansa ya rubuta ke nan. Da ya yi ritaya kuma, bakinsa ya fita daga taro. Amma lokacin da yake shugaba, duk wata, idan an zo ƙarshen taro, sai ya ce, 'Akwai sauran magana?' Ya dube ni. Ni kuma in dubi takalmina. Ina jira ya roƙe ni, shi yana jira in yi da kaina. Tsofaffin jakuna biyu."

Na ce me ya hana shi roƙo? Ya ce, "Shugaban da ya nemi alfarma wa ɗansa, gobe da wane ido zai dubi ɗan wani?"

Wendell, yanzu sai abin da ya fi mini wuya. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar Kirsimeti, ka kira gida ka ce a ba ka Baba. Na ce maka ya ce ba ya son magana. Ƙarya na yi. Yana bayan gida yana yanka naman alade, bai ma san waya ta yi ƙara ba, ban kuwa taɓa gaya masa ba. Na gaya wa kaina cewa mutuncinsa nake karewa. Tun jiya nake bincikar zuciyata, abin da na samu kuwa ba shi da kyau: na ji daɗin zama 'yar da ta tsaya, kai kuma ɗan da ya fāɗi. Shekara ashirin ina koyar da yara a makarantar Lahadi a kan gafara, da wannan a cikina. Na roƙi Ubangiji, amma ba Shi kaɗai na yi wa laifi ba. Ba na cewa ka yafe mini yanzu. Ina so dai ka sani ba ubanka ne ya rufe maka ƙofa a ranar ba.

Akwai taron ƙungiya ranar Talata. Mista Tate ya ce zai tashi. Bai yi alkawarin za a amince ba, don akwai waɗanda suka rasa gidajensu a yajin nan, ba su kuma manta ba. Ko an amince ko ba a amince ba, ka zo. Na gyara ɗakinka.

Taka,
Vernetta

*

25 ga Maris, 1998

Ƙanena Wendell,

Ina fatan kun isa Toledo lafiya, hanya kuma ba ta gajiyar da Loretta ba. Ka gaishe mini da Denise. Ban san tana da tsawon Baba ba sai da na gan ta a maƙabarta.

Gida ya cika da mutane har kuka tafi, ban samu na ba ka labarin taron Talata ba. Ba a barin wanda ba ɗan ƙungiya ba ya shiga, don haka a mota na jira. Mista Tate ya kawo ƙuduri. Ya ce babu wanda ya goyi baya har ya fara jin kunya, sai wata mai tuƙa injin ɗaga kaya, Misis Ruffin, ta miƙe ta ce, "Ni ban san Wendell ba. Amma da ba don ubansa ba, da mace ba ta taka masana'antar nan ba. Na goyi baya, a yi sauri, na bar wake a wuta." Hannu talatin da ɗaya suka amince, tara suka ƙi. Ina gaya maka taran nan ne don kada ka ɗauka kowa ya huce. Ɗaya daga cikinsu ya ƙi zuwa jana'izar. Na yi masa addu'a, da ƙyar.

Ban san ka zo ba sai da na ga an buɗe ƙofar motar gawa, ka fito daga cikin mutane ka tsaya. Na ga ka matso kusa da akwatin. Na ji Mista Tate ya ce maka, "Kama nan, yaro, gefena. Ubanka nauyi gare shi, da ransa ma haka yake." Na ga kafaɗarka ta taɓa tasa tun daga mota har bakin kabari, bai kuwa matsa ba.

Da aka busa ƙaho, sojoji biyu da aka turo don karrama shi suka naɗe tutar da ke kan akwatin, ni suka miƙa wa don ni ce babba. Na karɓa, amma ban ga na cancanta ba. Tana kan kujerarsa. Idan ka dawo sai mu yi shawara a kanta tare, yadda ya kamata mu riƙa yi tun tuni.

Ban manta da abin da ka gaya mini a kicin ba, lokacin da ake raba kaza da burodin masara. Ka ce ka karanta wasiƙata sau uku, ka zo ne don Baba, maganata kuma ba ka gama da ita ba tukuna. Gaskiya ka faɗa, na kuma fi son ta da a ce ka rungume ni don idon mutane. Sai kuma ka ɗauki tawul ka tsaya kana goge faranti ina wankewa, har muka gama duka.

Denise ta roƙe ni in rubuta mata duk abin da na tuna game da kakanta, wanda shafi ɗaya bai ɗauka ba. Na fara jiya, na cika shafi tara, ban ma kai ga aurensa da Mama ba. Amma shekarunsa na bakin tanderu kai ka gani, ni ban gani ba, don shekara bakwai kuka yi kuna fita tare da kwanon abinci. Wannan ɓangaren na bar maka shi fari. Ba sai ka yi sauri ba.

Ubangiji ya kiyaye ku duka.

Taka yaya,
Vernetta Hargrove