Bakin Ƙahon Honoré

Unguwar Tremé, 3 ga Maris

Ɗana Alcide,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya aiki a Houston? Ka yi haƙuri da rubutuna, Malama Odette ta coci ta ce har yanzu layina yana gangarowa.

Jikin babanka ba daɗi. Likita ya sallamo shi gida, ka san ma'anar wannan. Jiya ya kira ni ya ce, "Eulalie, ranar da za a kai ni, in an gama kiɗan juyayi a ƙofar maƙabarta, Alcide ne zai busa ƙaho a sallame ni, kiɗa ya juya na murna. Ban yarda ƙaninki Prosper ya yi ba, busarsa kamar akuya ta shaƙe."

Na san za ka ce shekara tara ba ka taɓa ƙaho ba, leɓenka ya mutu. Ga bakin ƙahon babanka nan, ɗan ƙarfen da ake sawa a leɓe, na cire na naɗe cikin safa. Ka riƙa gwadawa. Ƙahon kansa yana nan ƙarƙashin gado.

Kana cin abinci kuwa?

Mamarka,
Eulalie

19 ga Maris

Alcide,

Ina fata kana lafiya. Na kira sau huɗu ban same ka ba, shi ya sa na ba direban maƙwabciyarmu Celestine wannan.

Babanka ya cika ranar Talata da hantsi. Asabar za a kai shi. Abokan kiɗansa sun zo sun cika min falo, sun cinye shinkafar da na dafa. Kawu Prosper ya ce, "Yaya Eulalie, yaron nan ba zai zo ba. Bari in yi. Mamaci ai ba ya jin kuskure." Na ce masa mijina Honoré ko a akwatin gawa zai ji naka.

Na ce su jira ka. In ba ka zo ba, a haka za mu tsaya a ƙofar maƙabarta da laimominmu na rawa a naɗe, unguwa duka tana kallona.

Mamarka

2 ga Afrilu

Ɗana,

Ka isa lafiya? Tarin nan ya sake ka?

Akwai abin da ba ka gani ba ranar jana'iza, don idonka a rufe yake kana busa. Da busarka ta farko ta tsage, na waiga gun makaɗa. Sai na ga Prosper yana dariya yana hawaye, yana cewa mai ganga, "Haka ubansa ya yi a jana'izar farko da ya busa, wallahi haka!" Ta biyu ta fita. Ganga ta juya, laimomi suka buɗe, hankici ya tashi tun daga ƙofa har kwanar titi. Ni da gwiwar nan tawa na taka rawa har gida. Malama Odette ma ta taka, kada ka faɗa wa kowa.

Yanzu ga laifina. In ka buɗe akwatin ƙahon da ka tafi da shi, ba za ka ga bakinsa ba. Ba ka mance shi ba. Ni na cire lokacin da kake wanka. Yana kan tebur kusa da gishiri.

Ba zan aiko ba. Prosper ya ce suna fita kiɗa ranar Lahadi ta biyu ga wata, kuma akwai gurbin mai ƙaho. Litinin ina ɗora jan wake.

Ka sa rigar sanyi a mota.

Mamarka mai ƙaunarka,
Eulalie