Hular da Inna Ta Ɗinka wa Dakta Manolis

Zuwa ga maigidana kuma malamina, Dakta Manolis,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga Bashir na Ƙuba, wanda ka koya wa aiki. Kwana arba'in ke nan da 'yarka Eleni ta aiko min da saƙo cewa ka rasu a garinku, can Girka. Har yau ban ba ta amsa ba. Na zauna in rubuta mata, sai na ga kai ya kamata in fara fuskanta.

Masu karanta wannan ba su san ka ba, to bari in gaya musu a gabanka. Masanin kimiyyar nukiliya ne kai, ka yi shekaru a ɗakin bincike a ƙasarku kafin ka zo asibitinmu da ke wajen iyakar Haramin Madina. Kai ke auna maganin nukiliyar da ake ba masu ciwon daji, ni kuma ina cikin masu riƙe na'ura. Na taɓa tambayarka me ya raba ka da bincike. Ka ce bincike ba ya barin mutum ya ci abincin rana da 'ya'yansa.

Da gaske kake. Ƙarfe biyu na yi, ko shugaban asibiti ne a gabanka, ka ɗauki makullin mota sai gidanku a unguwar Jurf. Muna yi maka dariya don ka ce a kira ka Abu Eleni, alhali a nan da sunan ɗa namiji ake yi wa mutum alkunya. Ka ce 'ya'ya mata uku gare ka, kuma ba ka jiran kowa. Kai ke cefane, kai ke taje wa ƙaramar kai kafin makaranta, har ka zo aiki da robar gashi a wuyan hannu.

Sai shekarar da aka gano ciwon daji a maƙogwaron mahaifiyata, Inna. Bayan tiyata aka ba ta maganin nan da ake sha, kai ka auna shi da hannunka. Ka zaunar da ni ka ce jikinta zai yi kwanaki yana fitar da tururin da ido ba ya gani. Kwanonta daban, banɗakinta daban, kada yaro ko mai ciki su matso kusa. Ka san abin da ka ɗora min kuwa? Gidan da faranti ɗaya muke sa wa hannu, gidan da 'yan dubiya ke zama har bakin gado. Muka kai ta ɗakin sama, ana ajiye mata abinci a ƙofa kamar mai laifi.

Kwana biyu da shan maganin, matata ta haihu, tun lokacinta bai yi ba. Jikar Inna ta fari. Daga ɗakin sama tana jin kukan jaririya, ni kuma ina jin nata kukan. Ta ce ranar suna sai ta ɗauki yarinyar, ko da duk likitocin Madina za su jeru a ƙofa.

Na gaya maka, ina jira ka ce ba ruwanka. Ba za ka iya zuwa gidanmu ba, Ƙuba tana cikin Harami, kai kuma Kirista ne. Sai ka ba ni na'urar awo, ka nuna min inda zan tsaya: taku ɗaya daga jikinta, sannan dab da wuyanta. Ranar sunan ta faɗo Juma'a, ranar hutunka. Ka tuƙo mota har gindin allon nan na bakin hanya da ke cewa wanda ba Musulmi ba ya tsaya nan, ka kashe mota ka jira. Hantsi ne, amma ranar Madina ba ta san hantsi ba.

Na kawo maka lambobin a bayan takardar burodi. Ka ɗora a sitiyari ka yi lissafi, gumi na ɗiga daga hancinka. Ka ce ta ɗauke ta a cinya, a kan filo, minti biyar, ban da sumbata. Ka maimaita da Larabcinka mai karyayyar ƙafa, “Hamsa dagiga, ya Bashir, halas.” Inna ta ɗauki Safiya minti biyar, ina tsaye da agogo. Ban taɓa ganin ta yi farin ciki irin na ranar ba.

Ga inda laifina ya fara. A zaman kaɗaicin nan Inna ta soma ɗinka hula, irin ta mutanen Kano da ta koya wurin uwarta, zare shuɗi da fari. Bayan wata guda ta gama, ta ce in kai wa mutumin Girkan nan da ya tsaya a rana saboda ita. Na kara wa hular na'ura, na ji tana ɗan ƙyas-ƙyas, gumin hannun Inna ya shiga zaren. Na sa ta a leda na ce sai ta huce, wata uku, yadda ka koya mana. Wannan uzurin gaskiya ne. Amma da Inna ta tambaya, maimakon in yi mata bayani, sai na ce na kai.

Wata uku suka cika, na'ura ta yi shiru. A lokacin kawuna ya riga ya yi magana a majalisa, wai hular da aka ɗinka a birnin Manzo ba ta dace da kan wanda ba ya sallah ba. A wurin aiki kuma ana tsokanata da ɗan gidan Dakta. Ban yarda da maganar kawu ba, wallahi, amma na ji tsoron bakin mutane. Kullum sai in ce gobe. Inna ta tambaya ko ta yi maka daidai, na ce kamar an gwada. Ta tambaya ko kana sawa, na ce duk Juma'a.

Kai kuwa kana yawan ce mana lamba ba ta ƙarya, mai rubuta ta ne ke yi. Duk sanda ka faɗa sai in sunkuyar da kai. Shekara shida kana tambayata jikin Inna, kana tambayar ko Safiya ta fara tafiya, ko ta shiga makaranta. Ba ka taɓa jin godiya daga gidanmu ba, kuma ba ka taɓa nuna ka lura ba.

Ranar da za ka koma ƙasarku don mahaifiyar Katerina, matarka, ta tsufa ba mai kula da ita, hular tana cikin motata. Na raka ka har filin jirgi. Ka rungume ni, ban fito da ita ba, don ba ka ita a ranar na nufin faɗin inda ta kwana shekara shida. Na dawo da ita gida.

Inna ta rasu bara waccan, tana maƙabartar Baƙi'a. Har ta koma ga Allah tana ba baƙi labarin likitan Girka mai sa hularta. Ku biyu na cuta, kuma babu wanda zan iya neman yafiyarsa yanzu. Ina jin kunya, Dakta, irin wadda ba ta hucewa a wata uku.

Jiya na fito da hular na nuna wa Safiya, shekararta goma sha biyu yanzu. Na gaya mata komai. Ita Hausa tana ji, amma da Larabci take amsawa, kuma kalma ɗaya ta ce min: aib, wato abin kunya. Ita ta naɗe hular, ta rubuta sunan Eleni a bayan ambulan. Da safen nan muka kai gidan waya, da wannan wasiƙar da zan sa a fassara musu.

Ni ba malami ba ne, ban san abin da ke tsakaninka da Mahaliccinka ba. Na bar ka a hannun Wanda ba Ya zaluntar kowa ko da ƙwayar zarra, Ya kuma ga tsayuwarka a gindin allon nan. Allah Ya ba Katerina da 'ya'yanka haƙuri, Ya tsare su yadda ka tsare min tawa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe min ƙaryar da na yi mata.

Inna ta ce a gaya maka ta gode. Yau na isar.

Naka da ya makara,
Bashir, Ƙuba.