Kunnen Baba a Ƙasa

Snowbird, Gundumar Graham
18 ga Nuwamba, 1953

Zuwa ga ƙanena Vester,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Lorene da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki a kamfanin motocin nan, ya tsare maka yatsunka goma daga bakin inji. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Mun gama haƙar dankali, tuffa ta yi 'ya'ya bana har rassa na karyewa, Gwaggo Icie kuma tana nan da ciwon gwiwarta da bakinta, babu wanda ya ragu a cikinsu.

Takardarka ta iso mako biyu ke nan, wadda ka ce in haɗa kayan Baba za ka zo lokacin bikin Godiya na ƙarshen watan nan ka tafi da shi wurinka Detroit, karnukansa kuma a ba wani. Ban ji haushinka ba ko kaɗan. Ni ce nake ganinsa kullum yana laluben ƙofa, ni ce kuma na ji da kunnena likita yana cewa jijiyar idon ce ta mutu, babu tabarau da zai dawo da ita. Har na sauko da akwatin marigayiya Mama na fara jera masa riguna. Ban gaya masa ba, amma ka san Baba, ya ji ƙarar makullin akwatin. Tun daga ranar cin abincinsa ya ragu.

Ranar Asabar da safe ya ce yana marmarin naman zomo, a kai shi tsohuwar gonar tuffa ta bayan tudu inda ramuka suka yi yawa. Na san sallama yake so ya yi da wurin, don haka ban hana ba. Muka tafi da shi, ni da maigidana Doyle, da karnuka biyu, tsohuwa Maud da ɗanta Rip, da kuma Sukey a cikin buhu, wato feret ɗinsa, 'yar doguwar abar nan mai wari da yake ajiyewa a rumbu saboda ɓeraye. Baba ya rataye ƙahonsa na kiran karnuka a reshe, muka shimfiɗa raga a bakunan ramuka, ya ɗaura wa Sukey 'yar ƙararrawarta a wuya da laluben yatsu, ya sake ta ciki. Zomo biyu suka fito da gudu suka faɗa raga, daga nan sai shiru.

Da shirun ya yi tsawo, Baba ya tambayi Doyle me ya ba Sukey ta ci da safe. Doyle ya ce ai bai ba ta komai ba, wai yunwa ce za ta sa ta yi zafin nama. Vester, da ka ga fuskar Baba. Ya ce shekara goma sha biyu mutum yana cin abinci a gidansa bai san cewa feret mai yunwa kashewa take yi a cikin rami ta ci ta kwanta barci ba, wai da ma ya aurar da ni ga kututture, ko ba komai zai samu wurin zama. Doyle ya yi ta sosa ƙeya. Garin neman gyara ɓarnarsa ya kwance karnuka wai su sansano masa inda take, su kuwa suka ɗaga hanci sama suka haura cikin sarƙaƙiyar da ke saman gonar.

Baba ya cire hularsa ya kwanta rub da ciki, ya manna kunne a ƙasa yana neman ƙarar ƙararrawa. Ya ce mu yi shiru, kada wanda ya motsa ƙafa. Ina tsaye ina kallon furfurarsa a cikin busasshen ganye, zuciyata ta karye, ina cewa a raina wannan ne na ƙarshe. Can sai na ga ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya ce, a hankali kamar mai tambayar gishiri, "Lena, hau katangar dutsen nan. Abin da ke zuwa ba zomo ba ne." Ni ban ji komai ba, Doyle ma haka. Ya ƙara da cewa aladen daji ne, namiji, shi kaɗai, kuma yana ɗingisa ƙafar baya ta hagu. Sai bayan ya rufe baki sannan muka ji haushin Maud.

Ka san na girma ina ganin aladen daji a rataye a bayan gida, amma ban taɓa ganin mai rai kusa haka ba. Sarƙaƙiyar ta tsage ya fito, baƙi ƙirin, gashin bayansa a tsaye, tururi na tashi daga jikinsa saboda sanyin safiya, yana kaɗa dogayen haƙoransa suna ƙara kamar ana wasa wuƙa. Kafaɗarsa ta kai ƙuguna. Tsoro na ji, amma ba tsoron kaɗai ba ne, mamaki ne ya kama ni ina kallon abin da Allah ya halitta ya ajiye a bayan gonarmu muna ta barcinmu ba mu sani ba. Ya juya ya jingina bayansa da babbar bishiyar tuffa, karnuka suka tsare shi, Maud ta gaba, Rip ta gefe.

Matsalar ita ce bindigar Doyle harsashin zomo ne a cikinta, in ya harba sai dai ya ƙara masa fushi. Karnukan Baba kuwa ka san tarbiyyarsu, in sun tsare nama ba sa bari sai an kashe ko an busa musu ƙaho, ko da za su mutu a wurin. Rip ya yi wauta irin ta ƙuruciya ya kai cizo, aladen ya ɗaga kai sau ɗaya, sai ga kare a sama. Doyle ya fizgo ƙahon daga reshe ya busa iya ƙarfinsa, abin ya fito kamar kukan maraƙi mai mura. Ko kunne Maud ba ta karkaɗa ba. Tun muna yara muke ji ana cewa kare numfashin ubangidansa yake amsawa ba ƙahon ba, ni kuwa na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Baba ya miƙe tsaye ya miƙa hannu, ya ce wa Doyle ya ba shi kayansa kafin ya kira shanun unguwa. Tsakaninsa da aladen bai fi taku goma sha biyar ba. Na yi ta roƙonsa daga kan katanga ya matso, ya ce in rufe masa baki yana sauraro. Ya fuskanci bishiyar daidai, kai ka ce yana gani, ya busa dogo biyu da gajere ɗaya. Ƙarar ta bugi tudun ƙetare ta dawo. Maud ta ja da baya tana gurnani, ba da son ranta ba, ta zo ta jingina da gwiwarsa, Rip ya biyo ta yana jan jiki. Aladen ya tsaya yana huci yana kallon Baba, Baba yana tsaye ba hula, hannunsa a kan Maud. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Sannan aladen ya juya ya haura abinsa a hankali, yana ɗingisa ƙafar baya ta hagu.

Na sauko daga katanga, Doyle ya yi fari fat don tsoro. Baba kuwa ya durƙusa ya shafa cinyar Rip, ya ce fata ce kawai ta tsage, ya ciro allura da zare daga cikin hularsa ya ɗinke da laluben yatsu, ɗinki tara, ya fi nawa kyau. Da ya gama ya koma ya kwanta ya sake manna kunne a ƙasa, wai ai bai gama aikinsa ba. Ya ja jiki nan, ya ja can, ya buga ƙasa da tafin hannu ya ce Doyle ya haƙa nan, in dai shebur bai fi ƙarfin iliminsa ba. Zurfin kamu biyu sai ga Sukey ta naɗe a kan zomo tana sharar barci, cikinta taf.

Da yamma ya ci naman zomo da burodin masara har da ƙari. Yana cikin ci ya ce in mayar da akwatin uwarmu inda na ɗauko shi. Ya ce in tambaye ka, in ya manna kunne a ƙasar Detroit me zai ji? Na mayar da akwatin, Vester. Na san don ƙauna ka rubuta, na kuma san hidimarsa a kaina take, na ɗauka da hannu biyu. Mu muna ganin makaho yana laluben ƙofa, ashe a can bayan tudu mu ne ba ma gani.

Amma ka zo bikin Godiyar kamar yadda ka shirya, ka kuma roƙi ƙarin kwanaki a wurin aiki. Baba ya ce ƙahon naka ne bayansa, sai dai karnuka ba su san numfashinka ba, kuma ba za su koya a takarda ba. Yana so ka tsaya kusa da shi ka yi ta busawa har Maud ta amsa maka, tun yana da sauran numfashin da zai nuna mata cewa ya yarda. Da ya faɗi haka sai na tashi na fita wai zan duba kaji.

Ka gaishe mini da Lorene, ka shafa kan Dwight da Nelda. Gwaggo Icie na gaishe ku, Doyle ma haka, yanzu shi ke ba Sukey madara da kansa kowace safiya. Allah ya kawo ka lafiya, ya tsare hanya.

Taka yayarka,
Orlena