Idon Ruwan Inna da Injin Lantarki

Zuwa ga Yayana Sher Wali,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan ƙalau muke, sai dusar ƙanƙara da ta rufe hanyar Chitral kwana tara, da tarin Baba da ya ƙi tafiya.

Yaya, na ga abin da ya fi ƙarfin bakina. Ka tuna injiniyoyin da suka haƙa rijiya sama da idon ruwan zafi, inda Inna take tattaka saƙar ulu? Tun daga ranar ba ta da sukuni. Cewa take in suka tsotse zafin, ulu ba zai kame ba, saƙarta ta mutu ke nan, ita kuwa ba ta iya wata sana'a ba. Sun yi mata bayani cewa tururi ne zai juya injin lantarki, ruwan a mayar da shi ƙasa ya sake ɗaukar zafi. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya ari abu ya dawo da shi cikakke ba, har da kai da bargonta.

Ranar Talata da hantsi aka kunna injin. Wallahi ƙasa ta yi gurnani, tururi ya tashi fari fat. Ga kogi a daskare, injinmu na lantarki mai aiki da ruwan kogin wata biyu shiru, amma sai fitilar makaranta ta kama. Ba hayaƙi, ba warin mai. Ashe duk shekarun nan da muke makyarkyata muna tsintar itace, a kan murhu muke zaune! Lallai gani ya kori ji.

Inna ko kallon fitilar ba ta yi ba. Ta ɗauki saƙarta ta gangara idon ruwa, na bi ta. Ta tsoma ƙafa, ta janye da sauri, ta sake tsomawa. Ta daɗe tana tattakawa, sannan ta ɗaga ulun, ga shi ya kame gam. Ta ce, "Gulsambar, Mai wannan wuta ba ya rowa. Ya ba su, bai rage mini komai ba." Sai ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.

Ka gaishe da matarka Nighat, da Kawu Mirza Wali, da su Zulfi. Baba da Inna suna sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Gulsambar