Yadda Na Koya wa Falmata Turanci

Zuwa ga yayata, Ya Amsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma ba ke za ki karanta ba, sai dai ki ba wani ya karanta miki, kina tsayar da shi kina tambaya ko Bintu ce ta faɗi haka da bakinta. Ga shi kuma da Hausa nake rubuta miki, harshen da kike cewa na ciniki ne, ba na zumunci ba. Ban taɓa koyon rubuta Kanuri ba. Turanci na karanta a jami'a, kin sani, ke ce kike gaya wa matan Bama cewa ƙanwarki ta tafi koyon maganar da 'ya'yan Turawa ke yi tun suna goye.

Muna nan unguwar Wulari. An sassauta dokar hana fita, har mutane sun koma yin biki da yamma, sai dai ana lalube kowa a ƙofa, har uwar amarya. Mijina Bello ya aje tumbi, amma har yanzu yana cewa Bafulatani ba ya ƙiba. 'Yata Amira ta fara girki, muna ci muna haƙuri. Ɗana Sadiq ya karya hannu ya warke. Rufin ɗakin Baba a Mafoni ya zube da damina, kowa ya ce za a gyara. Kifin Baga ya dawo kasuwa, amma yanzu kallonsa kawai ake yi saboda tsada.

Na bar Falmata a ƙarshe saboda ita ce dalilin takardar. 'Yarki tana lafiya. Ta yi tsayi, ta ɗauko tafiyarki. Tana karanta littafin Turanci daga bango zuwa bango ba ta bin layi da yatsa. Yaran gidan nan suna kiranta Fati, ni ma bakina ya saba. Kuma ta daina jin Kanuri.

Kin tuna makonnin da kika yi a ɗakin baƙinmu, bayan kun tako da ƙafa daga Bama, ƙafafunki a kumbure, tarin nan ya ƙi sakinki? Kin ce in riƙe Falmata in mai da ita kamar ni, ta yi karatun da babu mai yi mata wayo. Na ce to. Ban tambaye ki wane ɓangare nawa kike nufi ba.

Lokacin makarantun gwamnati a rufe suke, wasu an zuba 'yan gudun hijira a azuzuwansu. Kaɗan daga cikin na kuɗi suna buɗewa, amma ni ban yarda ɗana ya sa rigar makaranta ya taka titi ba. Ofis ɗinmu kuwa sai mu je mu sa hannu mu dawo. Sai na mai da falo aji. Wani ɗan Ibo mai sayar da littattafai yana haɗa kayansa zai koma gida, na kwashe masa kwali guda na littattafan yara. Jirgin soja yana wucewa ta kan rufi, tagogi suna rawa, mu kuma muna karanta labarin wani yaro da karensa da suka tafi bakin teku cin tuffa. Na yayyanka kwalin, na rubuta sunan kowane abu da Turanci na manna masa: ƙofa, taga, firji, har buta. Bello ya ce saura shi, in rubuta in manna masa a goshi ko yaran sa san amfaninsa.

Sannan na kawo dokar da aka yi mana a makarantar kwana, wadda na tsana ina yarinya. Daga karin kumallo zuwa azahar, Turanci kawai. Wanda ya kuskura ya yi wani yare, a miƙa masa ludayin katako, yana riƙe da shi har wani ya kuskure. Wanda kiran sallah ya samu da ludayi a hannu, shi ne da wanke-wanke. Yaran sun ɗauke shi wasa. Sadiq har tarko yake kafa wa Amira, ya taka mata ƙafa don ta zage shi da Hausa.

A ganina adalci na yi. Doka ɗaya ce a kan kowa, ban ware 'yarki ba. Abin da ban lissafa ba shi ne, da an yi azahar Hausa takan dawo gida. Da ita muke cin abinci, da ita muke faɗa, da ita Bello ke sauraron labarai. Hausa tana da yamma, tana da dare, tana da Juma'a. Kanuri ba ta da komai a gidan nan sai bakin yarinya guda, kuma duk lokacin da ta fito daga bakin nan ludayi ne ke biyo baya. Me kike zato yarinya 'yar shekara shida, wadda ta binne uwarta, za ta fahimta daga wannan?

Da farko kullum ita ce da wanke-wanke. Takan hau turmi don ta kai famfo. Daga nan sai ta gano dabara: wanda bai yi magana ba ba ya kuskure. Ta yi shiru na tsawon lokaci, safe da yamma, sai ido. Na gaya wa Bello wannan sananne ne, masana sun rubuta cewa yaro yakan yi shiru kafin sabon harshe ya buɗe masa. Gaskiya ne, sun rubuta. Ina da littafin. Da ta buɗe baki kuwa, sai ta wuce nawa duka biyun. Kalma ɗaya za ki ba ta da safe, da yamma ta sa ta a jimla uku. Ta zama ita ce mai kama masu laifi, ta daina taɓa ludayin. In baƙi suka zo sai in kira ta ta karanta musu, in ce ku ji, wannan fa daga Bama ta zo ba ta san ko harafi ɗaya ba. Suna cewa masha Allah, suna kallona. Ni ma kaina nake kallo.

Za ki ce ai ni ma ina jin Kanuri, me ya hana in yi mata da yamma? Ina da amsoshi, kin san ba na rasa su. Na ce kada in rikita mata kai da harsuna uku. Na ce a shingayen bincike wanda aka ji bakinsa na Bama ne ya fi daɗewa a tsaye, gara ta saje. Wannan ma gaskiya ne. Amma ainihin abin shi ne, in ta yi Kanuri muryarki ce ke fitowa. Yadda kike jan ƙarshen magana, yadda kike kiran ruwa, har tsakinki. Ina cikin wanke shinkafa sai in ji ki a bayana, in waiwaya in ga yarinya. Ban iya ɗauka ba. Ban taɓa hana ta ba bayan azahar, Allah ya sani. Kawai in ta yi min Kanuri sai in amsa da Hausa, har ta gaji.

Watan jiya surukarki ta bayyana. Hajja Kellu, uwar Modu mijinki, wadda muka riga muka yi wa addu'ar mamata tare da shi. Ta fito daga daji cikin wasu mata, yanzu tana nan cikin gari, unguwar Gamboru, a gidan ɗan ƙaninta, gidan da mutanen Bama suka cika har zaure. Ta zo a keke mai ƙafa uku, ta rame ƙwarai, amma ta ɗaura zaninta tsaf. Matar da ba ta da ko tabarmar kanta, sai ga ta da ƙullin turaren wuta ta kawo min, wai ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana.

Na kira Falmata. Ta durƙusa ta ce wushe, gaisuwar da ko 'yan kudu masu shago sun iya, daga nan Kanurinta ta ƙare. Tsohuwar ta kama fuskarta da hannu biyu tana magana, tana cewa ga goshin Modu, ga kunnen Modu. Ta tambaye ta ko ta tuna bishiyar tsamiyar ƙofar gidansu, ko ta tuna wa ke goya ta zuwa gona. Falmata tana murmushin da na koya mata a yi wa baƙi. Sai ta juyo ta dube ni, tana jiran fassara.

Na yi musu tafinta, Ya Amsa, tsakanin kaka da jika, a falona, ƙarƙashin agogon da ke ɗauke da sunansa na Turanci. Da Hajja ta zo kan yadda aka kashe Modu, sai na gaya wa yarinyar cewa kakarta ta ce babanta mutumin kirki ne. Tsohuwar ta lura maganarta mai tsawo ta koma gajera a bakina. 

Bello ya so ya sassauta zaman da wasan Fulani da Barebari. Ya ce in gaya wa Hajja ta gode masa, ya 'yanta jikarta, baiwa guda daga cikin bayinsa. Hajja ta ce in gaya masa Bafulatanin da ba shi da saniya kuma ba ya jin Fulatanci, a garinsu ko bara ba a ɗaukarsa. Bello ya yi dariya har da tafi. Ita ba ta yi ba. Ta juyo gare ni ta ce na ciyar da yarinya, fatarta ta yi kyau, Allah ya saka min. Sannan ta tambaye ni, ba da faɗa ba, wa za ta gaya wa inda gonarsu ta tsaya da sunayen waɗanda suka haifi Modu, tunda 'ya'yanta duk sun tafi, wannan ce kaɗai ta rage.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko Bello. Lokacin da Falmata ta kasa amsa wa kakarta, kafin kunya ta zo min, daɗi na fara ji. Na ce a raina, yanzu ba za su iya karɓe ta ba. Ina za su kai yarinyar da ba ta jin maganarsu? Kin san 'yar dangin uba ce, in sun ce a ba su ba ni da ta cewa. Daɗin bai daɗe ba, amma na ji shi sarai. Tun ranar nake tambayar kaina, shin tun farko wani ɓangare nawa ya san abin da yake ginawa? Ban sani ba. Da kina nan da kin faɗa min kai tsaye, ke ba ki iya zagaye ba.

Hajja ba ta ce a ba ta ita ba. Na ce ta dawo gidanmu da zama, ga ɗaki. Ta ce da wa za ta yi hira, da ƙofar da aka manna wa takarda? Abin da ta roƙa shi ne in ba ta aron jikarta watan azumi, ta yi shi a Gamboru cikin mutanensu. Nan take dalilai suka jeru min a kai: karatu zai tsaya, gidan a cushe yake, ruwansu ba tabbas, kasuwar kusa take kuma kin san abin da ke faruwa a kasuwanni. Kowanne mai kyau ne, zan iya kare shi a gaban kowa. Na ce to da sauri, kafin in zaɓi ɗaya.

Da na gaya wa Falmata, ta tambaye ni laifin me ta yi. Na ce babu. Ta tambaya ko akwai fanka a can, ko za a bar ta ta tafi da littattafanta, ko Amira za ta gaji gadonta. Shekaranjiya ina yi mata kitso na gwada yi mata Kanuri, ƙananan maganganu, sunkuyo, juyo nan, kin gaji ko. Wuyanta ya sandare a hannuna. Can sai ta roƙe ni da Turanci, cikin ladabi, jimlar babu kuskure ko ɗaya, cewa don Allah in daina. Na daina. Muka ƙarasa kitson.

Gobe ake duban wata, gobe zan kai ta. Na haɗa mata kaya, na sa gidan sauro da maganin zazzaɓi da littafi biyu da ta zaɓa. Ban san abin da zan roƙi Allah ba. In ta kasa sabawa, za ta dawo min da sallah, tsohuwa kuma ta mutu da sunayenta a ciki. In ta saba, bakinta ya buɗe, mai yiwuwa su ce ta zauna, mai yiwuwa ita ma ta ce haka, kuma ba ni da bakin hanawa. Na gaya wa Hajja bayan sallah zan zo, ban ce zan zo ɗaukarta ba. Ta ji bambancin, ta gyaɗa kai.

Ki yafe min abin da kika ga na yafewa ne. Sauran zan riƙe.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Bintu, daga Wulari